John Marshall Harlan: Alƙalin layin dogo da diyyar dala ɗaya

Ranar 1 ga Maris, 1897, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wata ƙara wadda, in kuɗin da ke cikinta za a duba, ba ta taka kara ta karya ba. Hukumar birnin Shikago ce ta fitar da titi ta cikin filin wani kamfanin jirgin ƙasa, kotun jiha ta yanka wa kamfanin diyyar dala ɗaya tak, shi kuwa ya ce bai yarda ba. Da magana ta isa Washinton, sai kotun ta ba shi gaskiya a kan ƙa'ida, ta bar shi da dalarsa ɗaya. Amma daga ranar ya tabbata cewa babu jiha ko hukumar birni a Amurka da za ta karɓi filin wani ba tare da biyan diyya ba. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, John Marshall Harlan, ɗan gidan masu bayi ne, wanda a ƙuruciyarsa ya tsaya kai da fata a kan cewa ɗan Adam ma dukiya ne da gwamnati ba ta da ikon raba shi da ubangidansa.

An haifi Harlan ranar 1 ga Yuni, 1833, kusa da garin Danville a Jihar Kentaki. Mahaifinsa, James Harlan, lauya ne kuma ɗan siyasa, ya yi ɗan Majalisar Wakilai ta tarayya, ya kuma riƙe muƙamin Antoni-Janar na jiharsa. Ya raɗa wa ɗansa sunan Babban Jojin ƙasar na lokacin, John Marshall, saboda ganin girman da yake yi masa. A watan Fabrairun wannan shekarar ne kuwa mai sunan ya yanke wani hukunci da takwaran nasa zai zo ya warware bayan shekara 64. Wani mutum mai suna John Barron yana da matsayar jiragen ruwa a Baltimore. Hukumar birnin, garin aikin tituna, ta karkatar da magudanan ruwa, yashi da laka suka riƙa gangarowa har suka cike matsayar, manyan jirage suka daina iya zuwa. Kotun farko ta ba Barron dala 4,500, ta ɗaukaka ƙara ta soke. A Kotun Ƙoli, Marshall ya ce Gyara na 5 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana karɓar dukiyar mutum domin amfanin jama'a sai da diyyar adalci, gwamnatin tarayya kaɗai ya ɗaure, ban da jihohi da birane. Barron ya tashi a tutar babu. Mai karatu a nan gida, wanda ya saba da Sashe na 44 na kundinmu na 1999 da ya hau kan kowane mataki na gwamnati, zai yi mamakin wannan, amma haka Amurka ta zauna shekaru da dama: mai fili a hannun dokar jiharsa yake, in ta kyautata masa to, in ba ta kyautata ba sai haƙuri.

Gidan su Harlan akwai bayi. A cikinsu akwai Robert Harlan, mai ruwa biyu, wanda aka rene shi a gidan, aka koya masa karatu, aka 'yanta shi a 1848, har ya je Kalifoniya lokacin rububin zinariya ya yi arziki. Marubuta tarihi da dama sun ɗauka ɗan uban John ne. John ya gama Kwalejin Centre a 1850, ya karanci shari'a a Jami'ar Transylvania, ya soma aikin lauya a 1853, sannan a 1856 ya auri Malvina Shanklin, 'yar Jihar Indiyana, wadda suka haifi 'ya'ya shida. Siyasarsa ta farko ta 'yan mazan jiya ce, har ya taɓa shiga jam'iyyar nan mai ƙyamar baƙin haure da mabiya ɗarikar Katolika.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Harlan ya zaɓi ɓangaren tarayya, ya tara rundunar sa kai ta 10 ta Kentaki, aka ba shi muƙamin Kanar. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi tuna shi da su a fagen fama a kan layin dogo ne. A ƙarshen Disambar 1862, Janar John Hunt Morgan na 'yan tawaye ya kutso Kentaki da mahaya domin ya katse layin Louisville zuwa Nashville, wanda ta nan ake kai wa sojojin tarayya abinci da makamai. Harlan bai iso da wurin da zai hana ƙone manyan gadojin katako biyu ba, amma ya cim wa bayan rundunar Morgan a bakin Kogin Rolling Fork, ya buɗe musu wuta. A 1863 mahaifinsa ya rasu, ya ajiye kaki ya koma gida, ya gaji ɗawainiyar iyali da bayin gidan, aka kuma zaɓe shi Antoni-Janar na jiha.

Ƙasa ɗaya ya yi wa yaƙi, ba 'yancin bayi ba. A 1862 Shugaba Lincoln ya yi wa jihohin kan iyaka irin su Kentaki tayin su 'yanta bayinsu a biya su diyya, suka yi watsi da tayin. Da Gyara na 13 ya zo a 1865 ya soke bauta baki ɗaya, ko sisi ba a biya kowa ba, kuma kafin yaƙin Kentaki na da bayi fiye da 200,000. Harlan ya yi adawa da gyaran, yana ganin ƙwace ne da shiga hurumin jihohi. Bayan 'yan shekaru sai ya juya. Ta'asar da 'yan Ku Klux Klan suka riƙa yi wa baƙar fata a jiharsa na daga cikin abin da ya sauya masa tunani. Ya shiga jam'iyyar Republican a 1868, ya tsaya takarar gwamna a 1871 da 1875, duk ya faɗi, kuma a kan dandalin kamfe ya fito fili ya amsa cewa matsayinsa na da kuskure ne. A babban taron jam'iyya na 1876 shi ya karkata ƙuri'un Kentaki ga Rutherford Hayes, bayan ya ga ɗan takararsa Benjamin Bristow ba zai kai labari ba. Hayes ya zama shugaban ƙasa, ya naɗa shi Kotun Ƙoli a 1877 yana da shekara 44. Naɗin na sakayyar siyasa ne, babu wani ɓoye-ɓoye.

Zamanin jirgin ƙasa

Kotun da Harlan ya shiga, rabin hankalinta a kan layin dogo yake. A 1860 Amurka na da layi mai tsawon kimanin mil 30,000. Zuwa 1890 ya haura mil 160,000. Gwamnatin tarayya ta ba kamfanonin kyautar filaye kimanin eka miliyan 130, jihohi kuma suka ara musu ikon da a asali na hukuma ne, wato karɓar gonar mutum ko ya so ko bai so ba, muddin za a biya shi. Kamfani mai zaman kansa, mai neman riba, ga shi riƙe da sandar hukuma. Daga nan ne kusan duk rigingimun suka taso, kuma Harlan ya kama wannan gaɓa bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarsa: tunda da ikon jama'a aka shimfiɗa layin, to hanyar jama'a ce, kamfanin kuwa wakili ne da ke yi wa jama'a aiki.

Ya fara amfani da wannan hujja a 1883, lokacin da kotun ta soke dokar 1875 da ta hana nuna bambancin launin fata a jiragen ƙasa, masaukai da gidajen wasa. Alƙalai takwas suka ce Gyara na 14 gwamnatoci ya shafa, bai shafi 'yan kasuwa ba. Harlan ya fita daban shi kaɗai. Matarsa Malvina ta ba da labari a littafin tarihin rayuwarta cewa rubutun ya cije masa, sai ta ɗauko wani tsohon kurtun tawada da ta ɓoye, ta wanke ta ajiye masa a kan tebur. Kurtun na tsohon Babban Joji Roger Taney ne, wanda a 1857, a shari'ar Dred Scott, ya yanke cewa bawa dukiya ce da Gyara na 5 ke karewa. Da wannan kurtun Harlan ya rubuta cewa kamfanin da hukuma ta ba ikon karɓar filaye ba zai koma ya ce shi ɗan kasuwa ne kawai, yana da damar korar fasinja saboda launinsa ba.

Shekara uku bayan haka, a ƙarar da Gundumar Santa Clara ta kai kamfanin Southern Pacific kan haraji, Harlan ne ya rubuta hukunci, kuma a kan ƙaramar magana ya tsaya: an haɗa shingen gefen layi cikin abin da aka yanka wa haraji ba bisa doka ba. Sai dai mai tattara rahotannin kotun ya ɗora a saman hukuncin wata magana da Babban Joji Waite ya yi kafin a fara sauraro, cewa kamfanoni ma mutane ne a idon Gyara na 14. Wannan taƙaitaccen bayani ya fi hukuncin kansa tasiri, lauyoyin kamfanoni suka yi ta kafa hujja da shi. A 1887 kuma Harlan ya ja wani layi da har yau ake aiki da shi. Jihar Kansas ta haramta giya, wani Peter Mugler ya ce masana'antarsa ta zama kango, a biya shi. Harlan ya ce a'a: hana mutum amfani da dukiyarsa ta hanyar da hukuma ta ga tana cutar da jama'a daban, karɓe dukiyar daban, kuma na biyun ne kaɗai ke wajabta diyya.

Hukuncin da ya fi kamata masu riƙe da fayil ɗin diyya su sani shi ne na 1890, tsakanin al'ummar Cherokee da kamfanin Southern Kansas. A 1884 Majalisar Dokokin tarayya ta ba kamfanin izinin ratsa ƙasar da yarjejeniyoyi suka tabbatar wa wannan al'umma ta 'yan asalin ƙasa. Cherokee suka ce ba a nemi yardarsu ba, su kuma al'umma ce mai cin gashin kanta. Harlan ya ce ikon tarayya na karɓar fili ya game ko'ina a cikin iyakokin ƙasar, kuma tana iya miƙa shi ga kamfanin jirgin ƙasa. Kan batun lokacin biya, ya ce kundin bai tilasta a biya kafin a shiga fili ba, amma wajibi ne kafin a taɓa mai fili a riga an yi tanadi tabbatacce, isasshe, wanda zai ba shi damar samun kuɗinsa. Dokar ta ce in an yi jayayya, kamfanin ya ajiye ninkin kuɗin da masu ƙiyasi suka yanka a hannun kotu kafin ya ci gaba da aiki, Harlan ya ga hakan ya wadatar. Ƙa'idar mai kyau ce, amma su Cherokee ba farashi suka je nema ba, sun je ne su ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce, kuma wannan maganar kotun ba ta saurare ta ba.

Wata goma tsakanin hukunci biyu

Ranar 7 ga Yuni, 1892, Homer Plessy, wani mai ɗinkin takalma a New Orleans, ya sayi tikitin babban aji a jirgin East Louisiana, ya zauna a taragon Turawa. Dokar jihar ta 1890 ta wajabta raba taragai. Shirya abin aka yi: wata ƙungiyar 'yan gari ce ta zaɓe shi domin a gwada dokar a kotu, kamfanin ma ya san da zancen, don ƙarin taragai asara ce gare shi. Lauyan Plessy, Albion Tourgée, da ya san abin da kotun ta fi ji da shi, sai ya shigo da batun dukiya. Ya ce a ƙasar da farar fata ke buɗe ƙofofi, a ɗauki mutum a matsayin Bature ma dukiya ce, kuma kwandasta ya raba Plessy, wanda fatarsa fara ce sol, da ita ba tare da shari'a ba. Ranar 18 ga Mayu, 1896, alƙalai bakwai suka yi watsi da ƙarar. Suka ce in Bature aka kai taragon baƙaƙe yana iya neman diyya, amma baƙar fata bai rasa komai ba, tunda dama ba shi da haƙƙin wannan suna. Harlan ya sake tsayawa shi kaɗai, ya maimaita cewa layin dogo hanyar jama'a ce, kundin ƙasa bai san launi ba, kuma wata rana za a ga wannan hukunci ya yi muni kamar na Dred Scott. Sai a 1954 kotun ta dawo kan maganarsa.

Ba a cika wata goma ba aka zo kan ƙarar Shikago. Tun a 1880 majalisar birnin ta zartar da ƙudurin buɗe titin Rockwell tsakanin layi na 18 da na 19, wanda zai bi ta filayen wasu mutane ya kuma ƙetare layin kamfanin Chicago, Burlington and Quincy. A 1890 birnin ya shigar da takarda a kotun Gundumar Cook domin a ƙiyasta diyya. Masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓowa su auna shaida, suka ba masu filayen kuɗin filayensu, kamfani kuwa dala ɗaya. Kotun Ƙolin Jihar Ilinoi ta tabbatar.

Harlan ya raba maganar gida biyu. Ta farko, shin Gyara na 14, da aka yi a 1868 domin kare 'yantattun bayi, wanda ya hana jihohi raba mutum da ransa, 'yancinsa ko dukiyarsa sai ta hanyar shari'a, ya ƙunshi biyan diyya? Birnin ya ce an aika wa kamfani sammaci, an saurare shi, shi ke nan an cika ƙa'ida. Harlan ya ce bin tsari kaɗai bai isa ba. In jiha za ta iya kiran mutum, ta saurare shi cikin ladabi, sannan ta karɓe filinsa kyauta, to gyaran ya zama holoƙo. Hukuncin kotun jiha da ya karɓi dukiya babu diyya ya saɓa wa kundin tarayya, ko da an bi kowane mataki. Ƙofar da Marshall ya rufe wa Barron a nan ta buɗe, kuma masana shari'a na lissafa wannan a matsayin karo na farko da aka ɗora wa jihohi ɗaya daga cikin haƙƙoƙin da ke cikin gyare-gyare goma na farko.

Ta biyu, shin dala ɗaya diyya ce? Harlan ya ce birnin bai karɓe filin ɗungurungum ba. Layin na nan, jirage na wucewa kamar da, abin da aka karɓa shi ne damar jama'a su ƙetare. Don haka ma'aunin diyya shi ne gwargwadon raguwar amfanin filin ga aikin jirgi, ba farashinsa a kasuwa ba. Kuɗin kafa ƙyaure, ɗaukar mai tsaron mararraba da shimfiɗa katako tsakanin ƙarafa kuwa, ya mayar da su ƙarƙashin ƙa'idar Mugler: matakan kare rayuka ne, kamfani zai ɗauka daga aljihunsa. Ya ƙara da cewa Kotun Ƙoli ba ta da hurumin sake auna shaidar da masu taya alƙali suka riga suka auna. Mai Shari'a David Brewer kaɗai ya saɓa. Ya yarda da rabin farko, ya ce rabi na biyu ya cinye shi, domin maƙwabta sun karɓi dubban daloli a kan fili kwatankwacin wanda aka ba kamfani dala ɗaya a kansa. A ganina Brewer na da abin faɗa, don diyyar da ba ta wuce suna ba da wuya a bambanta ta da rashin diyya. Amma Harlan bai saɓa wa kansa ba: wanda ya samu filinsa da ikon jama'a, ba zai sayar wa jama'a damar ƙetare shi da tsada ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙidayar hannuwa. Gyara ɗaya ne, kotu ɗaya ce. Da baƙar fata ya nemi inuwarsa, alƙali ɗaya ya samu. Da kamfani ya nema, babu wanda ya musa masa ƙa'idar.

A shekarar da ta biyo baya, kamfanoni suka samu abin da ya fi dala ɗaya nesa ba kusa ba, kuma daga alƙalamin Harlan. Jihar Nebraska ta yi doka a 1893 ta rage kuɗin dakon kaya, masu hannun jari a Union Pacific da wasu kamfanoni suka kai ƙara, shahararren ɗan siyasa William Jennings Bryan ya tsaya wa jihar. A watan Maris na 1898 kotun baki ɗayanta ta soke farashin. Harlan ya ce jiha na da ikon ƙayyade kuɗin dako, amma in ta matse shi har kamfani ya kasa samun ribar da ta dace da darajar kadarorinsa, to ƙwace ne ta bayan gida. Ya jero abubuwan da za a duba wajen gano darajar, irin su kuɗin gini na asali, kuɗin da za a kashe in yau za a sake ginawa, da darajar hannayen jari, amma bai faɗi wanne ya fi nauyi ba. Wannan giɓi ya jefa hukumomin ƙayyade farashi cikin shari'o'in da ba su ƙarewa, har sai da kotun ta jingine ƙa'idar a 1944. Shi ne hukuncinsa mafi rauni a wannan fanni.

Duk da haka ba za a kira shi ɗan amshin shatan kamfanoni ba. A 1897 ya yi adawa da hukunce-hukuncen da suka karya lagon hukumar tarayya mai sa ido kan sufurin jiragen ƙasa. A 1904, lokacin da gwamnatin Theodore Roosevelt ta kai ƙarar Northern Securities, kamfanin dala miliyan 400 da James Hill da J. P. Morgan suka kafa domin haɗe manyan layukan arewa maso yamma a hannu ɗaya, Harlan ne ya karanta babban hukuncin da ya rusa shi, da rinjayen biyar da huɗu. Cikin layukan da ke ƙarƙashin wannan haɗaka har da Burlington mai dala ɗaya.

Yana da nasa tabon. A cikin rubutun nan nasa na shari'ar Plessy da ake yabo, ya yi wa 'yan asalin Sin magana ta ƙasƙanci, a 1898 kuma yana cikin alƙalai biyu da suka ƙi yarda cewa ɗan Sin da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne. A 1899 shi ya rubuta hukuncin da ya ƙyale wata gunduma a Jojiya ta rufe makarantar sakandaren baƙar fata alhali ta Turawa na ci gaba da samun tallafi.

Harlan ya shafe kusan shekara 34 a kan kujera, yana haɗawa da koyar da tsarin mulki da yamma a makarantar lauyoyi ta Jami'ar Columbian, wadda yanzu ake kira George Washington. Ya rasu ranar 14 ga Oktoba, 1911, yana da shekara 78, aka binne shi a maƙabartar Rock Creek da ke Washinton. Bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, sai da manyan lauyoyin da ke bayyana a gaban kotun suka haɗa gudummawa domin matarsa da 'ya'yansa mata biyu da ba su yi aure ba. Jikansa, wanda shi ma John Marshall Harlan ne sunansa, ya hau kujerar Kotun Ƙolin a 1955, ya sauka a 1971.